Godiya ga duk wanda ya tsaya min har na miƙa rubutun nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi rubutun binciken da nake yi a makaranta an miƙa, an karɓa, an sa hannu. Wallahi jikina har rawa yake don gajiya amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuto godiyar nan. Duk kun san abin da ya faru tun daga jinyar Yaya har ranar da Allah Ya karɓi abinSa, ba sai na maimaita ba, ba ma zan iya ba.

Abin da wasunku ba su sani ba shi ne tun kafin ya kwanta na zaɓi batun rubutun nan, wato yadda mawaƙa ke jure rashi a cikin marsiyya, waƙar jimamin mamaci ke nan. Na ɗauki Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa ta zamanin da, da waƙoƙin da ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru, sai Nana Asma'u 'yar Shehu da marsiyyar da ta yi wa yayanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Mata biyu kowacce na kukan ɗan'uwanta, lokacin a wajena karatu ne kawai na neman maki, ashe abin yana tafe har gidanmu.

Malamata ta farko zan ambata, na san ba ta son irin wannan, ta ma ce kar in sa ta a Facebook, to sunanta dai ban faɗa ba amma aikinta sai na faɗa. Da na dawo makaranta ta ce in ina so in sauya batu ta yarda, in ina so in ci gaba ma ta yarda, ta ƙara min lokaci ba tare da ta sa na yi ta bin ofisoshi ba. Na ce zan ci gaba. Na rubuta na tura mata, daga nan tsoro ya kama ni, tsoro iri biyu ma, ko dai ta ji tausayina ta ɗora maki ta ce ya yi kyau ba tare da ta karanta ba, ko kuma ta ce wannan ba aikin nazari ba ne ki cire maganar yayanki. Da gyaran ya shigo wayata kasa buɗewa na yi, hannuna na ta karkarwa, sai ƙawata ce ta karɓi wayar ta buɗe tana karanta min.

Jama'a ja ne ko'ina, tun daga shafin farko! Kuma wallahi ganin jan nan ne ya kwantar min da hankali, don na gane ta zauna ta karanta kalma bayan kalma, ta ɗauke ni ɗaliba kamar kowa. Na jera babin tsakiya a kan matakai 5 na jimami da wata likita Elisabeth Kübler-Ross ta fitar a 1969, musantawa, fushi, neman sassauci, baƙin ciki mai nauyi, sai miƙa wuya. Malama ta rubuta a gefe cewa matar nan daga hirar da ta yi da marasa lafiya masu jiran ajali ta fitar da su, ba daga waɗanda aka mutu aka bari ba, kuma ita kanta ba ta ce dole su zo a jere ba. Ta ce 'yata ki koma ki karanta baitin da kyau, Khansa'u cewa take fitowar rana na tuna mata Sakhru, faɗuwarta ma haka, wannan ba mai hawa matakala ba ce, kullum dawowa take inda ta fara, ki bar waƙar ta faɗa miki abin da ke cikinta.

Ita gyaran rubutu ta yi amma ni abin ya wuce nan. Don ni a lokacin ina ta tuhumar kaina, yau in ji na haƙura gobe in tashi da kuka kamar ranar farko, har na fara tunanin ko imanina ne ke da rauni. Ashe haka abin yake zuwa. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Na san hadisin tun ina yarinya, sai daren nan na ji shi har cikin jikina.

Ɓangaren Nana Asma'u ta ce ya yi sirara, in faɗi cewa da harshe uku ta yi rubutu, Larabci da Fulatanci da Hausa, in kuma bayyana fassara nake amfani da ita, sannan in lura yadda take lissafa kyawawan halayen mamaci, ba kuka kaɗai take yi ba. Na gyara.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne sakin layin da na yi maganar Yaya, inda na ce har yanzu nakan ɗauko waya in tura masa abin da na rubuta don shi ke duba min kurakurai, sai na ga sunansa in tuna. A nan ma sai da ta gyara min waƙafi, sannan ta rubuta, kar ki cire wannan, amma ki ɗauke shi daga gabatarwa ki kai shi bayan baitin, mai karatu ya fara jin Khansa'u tukuna sannan ya ji ki. Da na je ofishinta muka iso wajen nan sai kuka ya ƙwace min, ba ta ce min komai ba, ta tashi ta tura ƙofa ta miƙo min hankici ta ci gaba da duba takardun wasu, ba ta zuba min ido ba, ba ta hanzarta ni ba. Da na natsu ta ce kin samu sauƙi? To matso mu ga shafi na gaba. Malama Allah Ya saka miki da Aljanna Firdausi, Ya jiƙan magabatanki, Ya raya miki zuri'a, Ya sa kar ki taɓa rasa mai tsaya miki ranar da kike buƙata.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya, ke kin san abin da kika yi, dare nawa kika hana kanki barci kina karanta min ina gyarawa. Shugaban ajinmu da ya dinga turo min duk lakcar da ta wuce ni ba tare da na roƙa ba, baban nan na laburare da ya ajiye min littafi ya hana a ɗauka har na dawo, 'yan ajinmu da suka karanta suka faɗa min gaskiya inda bai fito ba, Allah Ya biya ku, Ya ba ku sakamakon da ya fi wanda kuke fata. Umma, ke da ya kamata a rarrashe ki ke ce kike rarrashina, Allah Ya ƙara miki haƙuri da lafiya da nisan kwana.

Akwai 'yan uwa na jini da na zaci ko sau ɗaya za su kira su ce ya karatun, ya Umma, shiru har yau. Ba komai, wata ƙila hidima ce ta yi yawa, Allah Ya bar zumunci.

Masu cewa in turo musu rubutun ku ɗan yi haƙuri sai sakamako ya fito, Malama ta ce kar ya fita kafin nan. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe min, kaina bai gama dawowa daidai ba. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa Yaya a addu'a, Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya jiƙan naku da suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Amin ya Rabbi. Na gode, na gode ƙwarai.