Sarari ɗaya a sunan fayil

Shagona na wankin hoto ne da buga takardu, kuma duk ranar Litinin kwamfutar takan cika maƙil da hotunan bukukuwan ƙarshen mako. A da, da linzami nake jan su ɗaya bayan ɗaya zuwa foldar kowane biki, har wuyana ya ƙage. Ƙanena mai karatun kwamfuta ne ya sa mini Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya ce, "Yaya, faɗa masa abin da kake so sau ɗaya, ka huta."

Wanda ke karɓar umarni a allon sunansa Bash, Brian Fox ne ya fitar da shi a 1989. Ya girme ni, amma har yau bai san kara ba. Abin da ka rubuta shi zai yi, ko da ba shi kake nufi ba.

Layin farko da na rubuta da hannuna shi ne:

`for f in Kamu*.jpg; do mv $f biki1/; done`

Wato duk hoton da sunansa ya fara da Kamu a kai shi foldar biki1. Sai dai masu ɗaukar hoto sukan sa suna irin "Kamu amarya 2.jpg". Shi kuwa Bash, da ya ga sarari sai ya ɗauka sunan ya ƙare, ya raba shi gida uku: Kamu, amarya, 2.jpg. Biyun farko ya yi ƙorafin babu su, ban ma karanta ba. Na ukun ashe akwai shi, hoton wani biki daban ne. Haka angon wasu ya kusa shiga albam ɗin amaryar da bai taɓa gani ba! Allah ya taimake ni yaron shagona ya lura kafin a wanke.

Maganin bai taka kara ya karya ba, alamar zance ce kawai a kewaye da `$f`, mai wakiltar sunan fayil: `"$f"`. Tun ranar kuma, kafin `mv` mai matsar da fayil ko `rm` mai goge shi, sai na sa `echo` a gaba, ya nuna mini abin da zai yi tukuna. Musamman `rm`, don ba ya jefa fayil a kwandon shara.

Ajiyar hotuna a faifan waje `rsync` ke yi mini, sababbi da waɗanda aka taɓa kawai yake kwafa. Na fara ba `cron`, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara masa, aikin ajiyar da ƙarfe 2 na dare, kamar yadda na gani a intanet. Wa zai bar janareto a kunne har wannan lokacin? In kwamfuta na kashe, `cron` ba ya rama aikin da ya wuce shi, sai da na yi kwana tara ba ajiya ban sani ba. Yanzu `anacron` na ba, shi da an kunna kwamfuta yake rama bashinsa. Kafin in gama shayin safe faifan ya daina ƙyafta ido.