Yadda na sa wa motata sabon hon da rile, bayan na kusa ƙona wayarin ɗinta

Motata tsohuwa ce 'yar Kwatano, hon ɗin da ta zo da shi guda ɗaya ne ɗan fale-fale kamar murfin kwano, in ka danna shi a cikin go-sulo na Kano ko mai adaidaita sahun da ke gabanka ba ya ji balle mai tirela. Na daɗe ina haƙuri da shi a haka har ranar da wani ɗan garuwa ya turo kurarsa tsakiyar titi bai waiwayo ba, ina ta danna hon yana ta tahowa, birki ne kawai da kiyayewar Allah suka raba mu. Washegari na shiga Ƙofar Ruwa na sayo hon guda biyu irin masu siffar dodon koɗi, ɗaya mai kauri ɗaya mai siririyar murya, in suka haɗu sai ka ji ƙarar ta cika.

To a nan na yi kuskure. Wani yaro a bakin shagon ya ce kawo in ɗaura maka yanzu-yanzu, ni kuma ina sauri, ya cire tsohon ya yanko waya ya haɗa sababbin biyun a kan wayar tsohon ya naɗe da salatif, minti goma ya gama. Sati na farko lafiya lau. Daga nan ƙarar ta fara shaƙewa, wani lokaci sai na danna da ƙarfi sosai kafin ta fito, sai fis ya fara ƙonewa, na koma wajensa ya ce ai fis ɗin ne ƙarami, ya zare silin waya ya naɗa a wurin. Bayan kwana uku ina danna hon a wani shataletale sai na ji ƙaurin roba yana fitowa ta ƙasan sitiyari. Wallahi gabana ya faɗi, na gangara gefe na kashe mota na cire kan batir.

Wani dattijo mai wayarin a unguwarmu na kai wa ita. Ya kwance maɓallin hon ɗin ya miƙo min, wurin da ƙarfe ke taɓa ƙarfe ya yi baƙi ƙirin ya yi 'yan ramuka kamar an ɗiga masa walda, wayar da ke bayansa kuma robarta ta narke ta manne da ta kusa da ita.

Na ce, "Baba, hon ɗin ne ba shi da kyau?"

Ya ce, "Hon ɗinka lafiyarsa ƙalau ɗana. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki."

Bayanin da ya yi min shi ne ya sa nake wannan rubutun. A irin motata babu rile na hon, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa maɓalli nauyin wuta, tun daga kamfani, wutar da hon yake ci gaba ɗaya ta cikin maɓallin sitiyari take bi, kuma an auna siririyar wayar da ɗan fis ɗin ne daidai hon guda ɗaya ƙarami. Kowane ɗaya cikin sababbin nan yana jan wutar da ta kai wajen amfiya 5, ka ga biyu sun kai 10, duk dannawa sai tartsatsi ya tashi a cikin maɓallin yana cin ƙarfen a hankali, waya tana zafi, wutar da ke isa hon ɗin tana raguwa, shi ya sa ƙarar ta shaƙe. Fis ɗin da yake ta ƙonewa aikinsa yake yi, gargaɗi yake min, sai aka toshe masa baki da silin waya. Wannan abin har yanzu yana min ciwo, don da iyalina nake yawo a motar nan.

Maganin da dattijon ya kawo shi ne a sa rile. Rile ɗan baƙin akwati ne bai fi kwalin ashana ba, a jikin nawa an rubuta 12V 40A. A cikinsa akwai naɗin waya da yake zama maganaɗisu in wuta ta ratsa shi, sai ya fizgo wani ɗan ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Naɗin nan ko rubu'in amfiya ɗaya ba ya ci, wato maɓallin sitiyari ya huta, aikinsa kawai ya ba da umarni, nauyin kuma ya bi ta waya mai kauri kai tsaye daga batir. In ka kifa shi za ka ga lambobi a gindin ƙafafuwansa, 30, 85, 86 da 87, kuma lambobin nan tsari ne na Jamus da kusan duk masu ƙera rile na mota suke bi, don haka ko wane iri ka saya ma'anarsu ɗaya ce. Mai ƙafa biyar galibi yana da ƙarin 87a a tsakiya, ita ba ruwanka da ita a aikin hon, a bar ta haka.

Da idona na ga yadda ya yi. Ya fara cire kan batir na negatif tukuna. Ya jawo waya mai kaurin 2.5 daga kan batir mai alamar +, bai kai taki ɗaya ba ya sa gidan fis da fis na amfiya 15, sannan ya wuce da ita ƙafa ta 30. Na tambaye shi me ya sa fis ɗin dole sai kusa da batir, ya ce duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta, in ta goge ta taɓa bodi wuta ce, to gara ta zama gajeriya. Daga 87 ya fitar da wata mai kaurin ya raba ta biyu zuwa hon ɗin. Wayoyi biyun da suke zuwa tsohon hon kuwa, bayan ya canja wadda ta narke, su ya sa a 85 da 86, shi kenan maɓallin ya koma tada rile kawai. Ya ce da a ce tsohon hon waya ɗaya gare shi, sai a sa ta a 86 a ɗaure 85 a jikin bodi. Akwai kuma rile mai dayod a ciki, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, shi wannan ba a juya masa wayoyin, wuta a 86 take shiga.

Da aka mayar da kan batir na danna, sai muka ji "ƙas" daga rile amma hon ɗaya ne ya yi kuka. Bai ko yi mamaki ba, ya kwance notin da ya ɗaure wayar negatif ta ɗayan, ashe fenti ne a ƙarƙashi, ya goge da sanfefa har ƙarfe ya fito fari ya sake ɗaurewa. Na sake dannawa, yaran shagon da ke cin rake a gefe duk sai da suka zabura.

Ƙananan abubuwan da ya kula da su ma sun burge ni. Bakin hon ya kalli ƙasa saboda ruwan damina da na masu wankin mota kar ya taru a cikin koɗin, ƙafafun rile su ma ƙasa, waya ta bi nesa da salansa da fanka an ɗaure ta, kowane haɗi da kilif aka matse shi, babu murɗe-murɗe da salatif. Ya kuma ja min kunne cewa motocin da ke da jakar iska a sitiyari wayar cikinsu kamar zare take, in ta ƙone gyaranta da tsada, sannan da yawa cikin motocin yanzu suna da rilensu na hon a akwatin fis, a duba tukuna kafin a fara yanke-yanke.

Ni dai ban saye shi don in dami mutane ba, ba na danna shi a kusa da asibiti ko cikin layi da daddare, kuma da wani abokina ya ce in ƙara irin na iska mai kwamfiresa na manyan motoci na ce a'a, wancan yana iya jan har amfiya 20 kuma a cikin gari firgita masu babur kawai yake. Wata shida ke nan yanzu, damina ta wuce a kansa, fis ɗin 15 da Baba ya sa shi ne har yau. Na sayi rile ɗaya da fis biyu na ajiye a aljihun dashbod.