Kafin a bar mutum ya taɓa maka laka

Mu nan Sakkwato da an ce za a yi wa wani aiki a gadon baya sai dangi su fara salati, wai in aka taɓa baya shi kenan mutum ya zama na kwance. Wanga tsoro shi ka sa a fara kai mutum wurin mai ɗori, sai ƙafafu sun daina motsi sannan a tuna da UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ni dai ina ganin da mutane sun san irin wahalar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ya sha kafin a miƙa mai wuƙa da tsoron ya ragu.

Shekara 6 zai yi a jami'a kafin ya samu digirin likitanci, wato MBBS, sannan shekara guda ta haus job inda zai zagaya sassan asibiti ƙarƙashin manya, sannan bautar ƙasa, duk wannan fa bai zama likitan tiyata ba, lasisi kawai hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ba shi. Daga nan sai ya ci jarabawar firamari ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma, ya shiga residensi, wato horon ƙwarewa a asibiti, wajen shekara 6 kuma in komai ya tafi daidai babu faɗuwa babu yajin aiki. Farko tiyata ta gaba ɗaya, ya ci jarabawar fat wan, kana ya koma ɓangaren ƙwaƙwalwa da laka, kwana kiran dare, tsayuwa awa da awanni a tiyata yana riƙe wa babban likita, konsoltan, kayan aiki kafin a bar shi ya cire ko ɗan faifan da ya zame tsakanin ƙasusuwa ya danne jijiya. Wanda ya so zurfafawa a ƙashin baya sai ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, galibi waje, ya koyi ɗaure ƙashi da noti da sandar ƙarfe. A Amurka ma residensin kaɗai shekara 7 ne.

Kuma ba a ba ka fat tu, jarabawar ƙarshe, sai ka yi bincike ka rubuta kundi ka kare shi gaban manya. Nan ne abin ya fi burge ni, don abin binciken yana nan bakin ƙofa: ɗan kabu-kabu da ya karye a wuya, tarin fuka da ya ci ƙashin baya har ya yi ƙusumbi, jaririn da aka haifa da ƙullutu a baya wanda folik asid kafin ɗaukar ciki ka rage aukuwarsa.

Fannin bai daɗe ba a ƙasar nan, Farfesa Latunde Odeku ya faro shi a Ibadan 1962 bayan ya dawo daga Amurka, mu kuma Farfesa B.B. Shehu ya kafa muna cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a UDUTH, yanzu har daga Kebbi da Zamfara da Nijar ake kawo marasa lafiya.

Sai dai duk karatun ga, laka in ta tsinke babu mai ɗinke ta. Wuya ƙashi 7 ne kacal, mutum ya yi hatsari sai a cicciɓo shi hannu da ƙafa kai na reto a cusa shi bayan mota, a nan ake ƙarasa abin da hatsarin bai ƙarasa ba. A samu katako ko ƙyaure a kwantar da shi miƙe, wani ya riƙe kan kada ya juya har a iso asibiti.