Labarin turkenmu na bana: Baba ya huta, kuma mun rufe ramin kara

Tun da aka shiga kaka mutane ke tsayar da ni a kasuwa suna tambaya ko gaskiya ne Baba, dattijon da ke duba mana shanu, ya ajiye aiki, kuma idan haka ne wa zai riƙa duba musu shanu kafin su biya kuɗi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta wa 'yan uwa makiyaya da masu turka na yankinmu abin da ke gudana a wurinmu, da abin da muka ɗauko daga masu bincike muka gwada da hannunmu. Sana'armu ƙarama ce, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa take, ba nisa da Shika. Muna turke bijimai, muna haɗa abincin shanu muna sayarwa, kuma muna raka mai saye kasuwa idan ya nemi a zaɓa masa dabba.

Gaskiya ne Baba ya huta. Gwiwoyinsa sun daina ɗaukar tsayuwar kara, wato kasuwar shanu, tun safe har la'asar, kuma 'ya'yansa sun daɗe suna roƙon ya zauna a gida. Bafulatani ne da ya zo wurin mahaifina tun ina yaro, bayan annobar bushiya ta 1983 ta cinye mafi yawan garken gidansu, kuma a hannunsa na koyi duk abin da nake taƙama da shi yau. Ranar da ya fara tafiya da ni kasuwar Anchau, na nuna masa wani farin bijimi mai tsayi da ƙaho masu kyau, ina jin cewa na yi zaɓe. Bai ce mini komai ba. Ya kama hancin dabbar da hannun hagu, ya ja leɓen ƙasa da na dama, ya ce in leƙa. Manyan haƙora takwas ne cif, kuma duk sun side, sun fara rabuwa da juna. Ya ce, “Ɗana, wannan ya gama girma tun tuni, abin da za ka zuba masa ba zai dawo maka ba.” Daga nan ya kai ni wurin wani siriri mai manyan haƙora huɗu, wanda haƙarƙarinsa ke bayyane amma ƙashin bayansa na da faɗi, ya danna fatar idonsa ya duba ko cikinta ja ne ko fari, ya shafa ƙarƙashin haɓarsa ya ji ko akwai kumburin da ke nuna ciwon hanta, ya taɓa hancinsa ya ji danshi, sa'an nan ya ja ni gefe muka tsaya har dabbar ta fara tuƙa. Sai a lokacin ya nemi dillali. Har yau ban taɓa sayen bijimi ba tare da na ga tuƙarsa ba, kuma duk yaron da ya shigo aiki a wurinmu wannan ne darasinsa na farko.

Wanda ya karɓi kula da lafiyar dabbobi yanzu ɗan ƙanena ne, wanda ya dawo daga kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya da ke Vom. Ya yi shekaru yana share turke a ƙarƙashin Baba kafin ya tafi karatu, don haka hannunsa ya san igiya tun kafin ya san sirinji. Abu na farko da ya kawo mana shi ne tef ɗin awo. Ana zagaya shi a ƙirjin dabba, daidai bayan ƙafafun gaba da tozo, a karanta faɗin, a duba jadawali a sami nauyin da ya yi kusa da gaskiya. Da farko na ɗauka ƙarin aiki ne kawai, domin idona ya saba kimanta sa, amma da muka riƙa gwada kimantawata da ta tef sai na ga na fi yin kuskure a kan manyan bijimai, ina rage musu nauyi. Amfanin wannan ya fi fitowa wajen magani. Maganin sammore da na tsutsar ciki da na hanta duk da nauyi ake ba da su, kuma masu bincike sun daɗe suna gargaɗi cewa ba dabba ƙasa da abin da ya kamata shi ke sa ƙwayar cuta ta saba da magani har ya daina kashe ta. Makiyayi zai ce maganin bana ba shi da ƙarfi, alhali wani lokaci allurar sa ɗaya aka raba wa biyu. Yanzu duk wanda ya kawo mana dabba sai an auna ta kafin a buɗe kwalba, kuma muna gaya masa kwanakin da zai jira kafin ya yanka ta ko ya sayar da nononta.

Mun kuma ɗauki wata baiwar Allah da ke riƙe mana littafin dabbobi, kowace da lambarta a kunne, da ranar shigowarta da allurar da aka yi mata. Ita ce ke shiga gidaje wurin matan da ke turke sa ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, waɗanda a da sai dai su aiko yaro ya sayi dusa, ba wanda ke ganin yadda dabbar take.

Babban abin da ya fi damun kowa a bana shi ne abincin rani. Babbar Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan tana faɗowa a ƙarshen bazara, wato kwana 90 zuwa 120 da ake buƙata don turka duk suna cikin lokacin da ciyawa ta bushe, harawa ta yi tsada, zafi kuma ya hana dabba ci. Mu da ke zaune kusa da Shika ba mu da hujjar zama cikin duhu a kan wannan. Wurin ya fara ne a matsayin gonar shanu ta gwamnati a 1928, ya zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abincin rani na cikin abin da aka fi bincike a kansa a can. Daga cikin dabarun da masana kiwo suka daɗe suna koyarwa, wadda muka riƙe sosai ita ce jiƙa kara da takin yuriya.

Ga yadda muke yi. Muna sare karan dawa ko na shinkafa gajeru-gajeru, mu auna kilo 100, mu narkar da kilo 4 na yuriya a ruwa har sai babu ƙwaya ɗaya da ta rage a gindin bokiti. A cikin ramin da aka shimfiɗe da leda mai kauri ake jera karan hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa masa ruwan da butar ban-ruwa, yara su hau su tattake shi sosai don iska ta fita, har ramin ya cika. Sai a naɗe ledar, a danne gefuna da ƙasa, a bar shi mako 3. Ranar buɗewa wari mai shiga ido ne zai fara tarbar ka, karan ya yi laushi, launinsa ya koma kamar na ƙuli-ƙuli. Ana ɗibar na kwana ɗaya a baza shi a inuwa ya sha iska kafin a kai kwami, a mayar da leda a rufe sauran. Sinadarin gina jiki da ke cikin karan yakan kusan ninkawa, tumbin dabba ya fi iya narkar da shi, kuma abin da na gani da idona shi ne bijimin da ke ture busasshen kara da hanci yana cinye wannan har ya lashe kwami. Sai dai aikin yana son hankali. Yuriya guba ce idan dabba ta ci ta tsurarta ko ta sha ruwan da aka narkar da ita, ba a ba ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba, ba a ba doki ko jaki, kuma ana farawa da kaɗan ne a riƙa ƙarawa a hankali. Na ji labarin waɗanda suka ga muna yi suka koma gida suka barbaɗa taki a kan dusa kai tsaye, suka yi asarar dabba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin da sun tambaya da mun nuna musu kyauta.

Karan nan shi kaɗai ba ya ƙiba da sa. Dole a haɗa da dusa da ƙulin angurya da kowar wake da ɗan gishiri, kuma a nan ne ciwon kaina yake. Shekara biyu ke nan na rabu da wani mai kawo mana dusa wanda muka yi shekaru muna hulɗa, bayan na lura bijimai suna barin wani abu mai nauyi a gindin kwami. Na ɗebi tafi ɗaya na zuba a kofin gilashi da ruwa na motsa. Ɓuntun shinkafa da aka niƙa ya taso sama, dusar gaskiya ta tsaya a tsakiya, yashi ya kwanta a ƙasa har kaurin ɗan yatsa. Mutumin da muke gaisawa da iyalinsa ne ya yi mini wannan. Tun daga ranar kowane buhu sai an soke shi daga ƙasa da tsakiya kafin a sauke shi daga mota, kuma kofin nan yana nan a kan teburina, duk mai sayen haɗinmu yana da izinin gwadawa a gabana. Haka muke yi da ƙulin gyada da na angurya, muna karya shi mu sansana, domin wanda ya yi fumfuna yana ɗauke da gubar da ke lalata hantar dabba, kuma tana iya bin nono ta kai ga yaran da ke sha. Idan wani ya ce muku haɗinsa ya fi namu arha da rabi, ku tambaye shi da me ya cika buhun.

A gonar da ke bayan turke mun ware wani yanki ga waken lablab da gamba. Tunanin ba sabo ba ne, tun a shekarun 1980 masu bincike suka yi aiki da makiyayan wajen Kachia a kan killace ɗan fili a shuka ciyawa mai gina jiki don ajiyar rani. Abin da na koya a kan lablab shi ne a yanke shi yana fara fure, a busar da shi a inuwa, a ɗaure da sassafe da sauran raɓa don kada ganyen ya kakkaɓe, tunda amfanin yana cikin ganyen ne. Baba ya san wannan a kan harawar wake tun kafin wani ya rubuta shi.

Game da riga-kafi, muna bin na ciwon huhu kowace shekara, da na harbin daji da na saifa kafin damina. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ita ke yin waɗannan allurai a ƙasar nan, kuma tarihin bushiya ya isa shaida, tunda cutar da ta talauta gidan su Baba an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011 ta hanyar riga-kafi. Lokacin da aka tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja a watan Yulin 2023, mutane da yawa sun zo suna neman allura a rana ɗaya, wasu kuma suka saya a hannun masu tallar magani a bakin kara. Allurar riga-kafi sanyi take so daga inda aka yi ta har zuwa jikin dabba, kuma wadda ta yini a rana a cikin jakar leda ruwa ne kawai aka tsira wa sa. Namu yana fitowa daga firiji zuwa kula mai ƙanƙara, kuma abin da aka haɗa bai ƙare ba a ranar muna zubar da shi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci namanta, a kira ma'aikacin dabbobi.

Mutane kan tambaye ni ra'ayina a kan barbarar Bunaji, wato fararen shanun Fulani, da shanun Turai masu nono, wadda aka daɗe ana gwadawa a Shika. Ga mai neman madara wanda ke da inuwa da ruwa da abinci duk shekara, kuma yake iya yaƙi da kaska da kirci, abu ne mai kyau. Ga turka a bayan gida kuwa, ni Bunaji da Bokoloji nake zaɓa, domin sun san zafinmu, suna cin abin da muke da shi, kuma mahauta sun san namansu.

Saura masu ciniki. Akwai wanda zai zo ya zagaya bijimin da muka yi wata huɗu muna yi wa hidima, ya ce ai ya ga irinsa a kara da rangwame mai yawa. Na san irin wanda ya gani. An ba shi kanwa da daddare, ya kwana yana shan ruwa, da safe cikinsa ya yi tim kamar ganga, kwana biyu bayan an kai shi gida ya saɓe ya koma yadda yake. Ni nakan kama hannun mai sayen in ɗora a gindin wutsiya da kan haƙarƙari da tozo, in ce ya danna, domin a nan kitse da tsoka ke zama, ruwa kuwa ba ya zuwa wurin. Sa'an nan in buɗe masa littafi ya ga awon dabbar tun ranar da ta shigo.

Ramin kara na farko na bana mun rufe shi a makon jiya, kuma za mu buɗe shi idan ya cika mako 3, in Allah ya yarda. Duk mai son ganin yadda ake yi ya zo da safe, ɗan ƙanena zai cika wani sabon rami a gaban jama'a tun daga awo har zuwa danne leda, kuma matan da ba za su iya fitowa ba abokiyar aikinmu za ta kai musu samfuri gida. Baba ya ce shi ma zai zo ranar, mun tanadar masa kujera a gindin darbejiyar da ke bakin turke, inda zai iya ganin sababbin bijiman da muka shigo da su.