Gyauron Kabewa da Malamin Aikin Gona

Shekara 11 na yi ina koyar da darasin aikin gona a wata makarantar sakandare a Daura kafin wata kabewa da ba wanda ya shuka ta ta nuna mini iyakar sanina. Ta fito ne a watan Yuni, bayan ruwa na biyu, a kusurwar da ke tsakanin madafa da turken tumaki, inda ake zubar da toka da sharar tsakar gida. Da alama irin ya biyo hanjin kabewar da aka yanka don miyar taushe, aka watsar a kan juji, ya kwanta tsawon rani har damina ta tashe shi. Gyauro ke nan, kuma abin da nake karantar da yara shi ne duk tsiron da ya fito inda ba a neme shi ba ciyawa ne, don haka na ɗauko fartanya.

Inna ce ta tsayar da ni. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai ta ce, "Malam, bar ta mana, me ta tsare maka?" Na ce ina zaton duma ne, wanda zai cinye fili ya bar mu da ɗaci. Ta sunkuya ta shafa ganyen, ta shinshina hannunta, ta ce ganyen duma laushi gare shi da wani wari, wannan kuwa kaushi ne da shi har yana sa ƙaiƙayi, kuma in na yi haƙuri fure zai raba gardama, domin na duma fari ne mai buɗewa da yamma, na kabewa rawaya ne mai buɗewa da sassafe. Na mayar da fartanya wurinta.

Kafin tsakiyar Yuli ta yi yaɗo ta rufe jujin, ta kama danga, ta haye rufin madafa, abin da bai ba ni mamaki ba tun da kashin tumaki da toka da danshin ruwan wanke-wanke duk suna ƙarƙashinta. Abin da ya dame ni shi ne furanni. Kullum suna buɗewa da safe, kafin la'asar sun yanƙwane, washegari a tsince su a ƙasa, har kusan mako biyu babu ɗa ko ɗaya. Na ga wasu jajayen ƙwari suna huda ganye, nan take na ɗora musu laifi, na aro famfon feshi, na yi mata wanka da maganin ƙwari da ƙarfe bakwai na safe kafin in tafi makaranta, a daidai lokacin da furannin suke buɗe. Da na dawo na leƙa cikin wani fure, sai na tarar da ƙudan zuma biyu a mace, jikinsu duk rawayan gari. A kwanakin da suka biyo baya ƙananan 'ya'ya uku suka fito, kowane bai wuce lemun tsami ba, suka yi rawaya, suka ruɓe daga baki, suka faɗi.

Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Furen farko ai maza ne, ba sa ɗaurewa, faɗuwa ce aikinsu. Yanzu da matan suka fito ka kashe masu ɗaura musu aure."

Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba, domin babu abin da ta faɗa wanda ban sani ba a takarda. Kowace shekara ina zana fure a allo da alli, ina rubuta sunayen sassansa da Turanci, ina gaya wa ɗalibai cewa akwai tsirran da namiji da mace suke a furanni dabam-dabam a jikin uwa ɗaya, har ina ba da misali da masara, wadda namijinta ke can ƙololuwa, macen kuma ita ce gemun da ke jikin goyo. Na sha ba yaro maki cikakke a kan wannan tambaya. Amma da abin ya zo gabana da rai a bayan madafarmu, ban gane shi ba, har na yi masa ɓarna da hannuna.

Da aka ba da dogon hutu sai na riƙa zama gabanta bayan sallar asuba. Namijin fure yana kan siririn kara mai tsawo, a cikinsa akwai sanda guda mai gari, wanda in ka taɓa yakan rina yatsa kamar kurkum. Macen tana kan gajeren kara mai kauri, da 'yar ƙaramar kabewa a ƙarƙashin furen tun kafin ya buɗe, cikinta kuma rabe yake gida uku, da danƙo-danƙo. Safiya ɗaya tak take buɗewa, idan garin bai same ta ba kafin rana ta take, shi ke nan. Tun da na kori ƙudan zuma, sai na karɓi aikinsu: in tsinko namiji, in yage ganyen furen, in goga sandar a hankali a cikin macen. Bayan kwana huɗu 'yar kabewar farko ta kumbura, karan nata ya ranƙwafo saboda nauyi. Da marka ta kama a Agusta na sa tsingaro a ƙarƙashin waɗanda ke ƙasa don kada danshi ya ruɓar da su, wadda ta rato daga rufi kuma Inna ta tallafe ta da tsohuwar ragaya.

Akwai ranar da na so in fanshe girmana, na gaya mata cewa kabewa ba 'yar ƙasa ba ce kamar duma, daga nahiyar Amurka ta fito, an tono irinta a wani kogo a Meziko mai shekara kusan 10,000, kuma ba ta iso mana ba sai bayan Turawa sun ƙetara can a 1492. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ko daga Sin ta zo, a nan ta koyi zama da yakuwa da gyaɗa a tukunya.

Da aka koma makaranta a Satumba na shiga aji da furanni 12 a cikin roba, lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ban rubuta komai a allo ba, na raba musu na ce su gaya mini bambancin da suka gani. Wani yaro da ke zama a baya, wanda yake zuwa daga wajen Sandamu kuma bai taɓa cin rabin maki a jarrabawata ba, shi ya fara ɗaga hannu. Ya ware maza da mata ba tare da inda-inda ba, ya ƙara da cewa a lambunsu na kankana babansa ba ya yarda a yi feshi sai gab da magariba, bayan zuma ta koma gida. Shekara biyu yaron yana gabana ban taɓa tambayarsa abin da ake yi a gonarsu ba. Tun daga lokacin ba na fara sabon darasi sai na ji yadda ake yi a gidajensu, daga baya in kawo sunan da littafi ya ba abin, domin shi ne za su tarar a jarrabawar WAEC.

A Oktoba muka yanke kabewa huɗu, bayan karansu ya bushe kamar itace, farce kuma ba ya shiga ɓawon. Ba su yi kama da wadda aka saya a kasuwa ba, tun da ba wanda ya san furen da ya zama uban irin da ya tsiro a jujin. Inna ta ɗanɗana ɗanye kafin ta sa a tukunya, domin kabewa mai ɗaci ba a cin ta. Na wanke irin mafi zaƙi, na shanya a inuwa, na adana cikin toka a gwangwani, na shuka shi a layi a lambun makaranta da damina ta zagayo. Inna kuwa hanjin ta sake watsawa a kan jujin, kuma nata ya riga nawa fitowa da kwana shida.