Lambun bayan gida a Garwa: tumatir ya nuna, an shiga shanya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon lambu. Ga inda aka kwana a nawa.

Tumatirin da na yafa irinsa a Oktoba, na dasa farkon Nuwamba, ya fara nuna yanzu a Janairu, har ya fi ƙarfin tukunyar gidanmu. Ina ta nanata maganar lokaci ne domin a nan Garwa, a arewacin Kamaru, shi ne rabin aikin. Daga Maris zafi kan haura digiri 40, furen tumatir kuwa da zafi ya wuce digiri 35 sai ya riƙa zuba ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Wanda ya dasa da wuri, girbinsa zai faɗo cikin hunturu, iska a bushe, rana ba gajimare, kuma lokacin shanya ke nan.

Tumatir mai dogayen 'ya'yan nan na shuka, wanda ake ce wa Roma, saboda namansa ya fi ruwansa. Nakan wanke, in tsaga biyu a tsaye, in matse 'ya'yan da babban yatsa, in barbaɗa gishiri kaɗan, in jera bakin yankan yana kallon sama. Ba na shanya a ƙasa. Kaudar kasuwa da kuke jin yashi a haƙori in an yi miya da ita, a gefen hanya aka baza ta. Ni zana na ɗora a kan sanduna, tsayin ƙugu, inda kaji da akuya ba sa kaiwa, na lulluɓe da yadi shara-shara saboda ƙuda. Don Allah kada ku rufe abinci da gidan sauron da ake rabawa, akwai maganin ƙwari a jikinsa. Da magariba nakan shigar da komai ɗaki, domin mu na kusa da kogin Binuwai raɓa ba ta rabuwa da mu.

Kada ranku ya ɓaci in kun ga cikakken kwando ya koma ɗan kwano. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Alamar ya yi shi ne ya koma ja mai duhu, gefensa ya naɗe, in kin matsa tsakiyarsa ba ya manne miki a yatsa. Sai a zuba a busasshiyar kwalba a rufe, washegari a duba. In gumi ya kwanta a jikin kwalbar, da sauransa, a mayar rana kafin ya yi fumfuna.

Kuɓewa ba ta da wuya. A tsinke ta tana ɗanya, wadda bakinta ke karyewa ƙas, a yanka siriri. Na fi son ajiye ta a haka, in daka daidai miyar ranar.

Ganye ne ba na yarda a kai shi rana. Zogale da yakuwa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa folere, a inuwar rumfa nake baza su, inda iska ke ratsawa, ina juyawa. Rana na dafe korensu, tana kuma cinye sinadarin bitamin A, wanda saboda shi ake ba yara zogalen tun farko. Na inuwa in kin murza a tafin hannu kore shar yake fita.

Abin da ke damuna yanzu ƙananan fararen ƙwarin nan ne da ke maƙalewa a bayan ganyen shuka, har wasu gindin sun fara nannaɗewa. Waɗanda suka naɗe na tuge na fitar da su daga lambun. Sauran ina fesa musu ruwan 'ya'yan darbejiya da na daka na jiƙa ya kwana, da yamma, ta ƙarƙashin ganyen.

Albasa ba ta kai ba tukuna. Sai wuyanta ya kwanta zan daina ban ruwa. 'Yan uwanmu na Marwa, ku ne gwanayen albasa, ku faɗa mana yadda kuke shimfiɗa ta a rumbu har ta kai damina ba ta ruɓe ba.