Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Ni Da Sigina A Bauchi

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon jiya na tsaya inda Malam ya amince da furojet ɗina, to daga nan fa wahala ta ce salamu alaikum.

Wasu 'yan na'urori biyu ya miƙo min, kowacce ba ta fi akwatin ashana ba, suna magana da juna a 2.4 GHz, zangon da WiFi ke hawa. Aikina in ajiye ɗaya, ƙanina ya riƙe ɗayar yana ja da baya, ni kuma ina zaune da laftof ina rubuta ƙarfin sigina, RSSI kenan, lamba ce mai alamar ɗebewa a gaba, -50 lafiya lau, in ta gangara wajen -90 to ta kusa yin shiru. Littafi ya ce a fili fetal duk sanda ka ninka nisa 6 dB (ma'aunin ƙarfin sigina) ke zubewa, wato rubu'in ƙarfin ne kawai ke saura. Da rani a wani fili a Yelwa lissafi ya kusa fita daidai, har na fara jin kaina injiniya.

Sai ga Agusta. Wuri ɗaya, nisa ɗaya, amma mangwaron da ke tsakaninmu ya sha ruwa ganye ya jiƙe sharkaf, sigina ta faɗi warwas, ashe ruwa shanye ta yake. Har faɗa na yi wa yaron nan wai ya karkatar da eriya, bawan Allah bai yi komai ba.

Wanda ya fi ɗaure min kai a ɗakina na Gwallameji ne, sigina da ƙarfinta amma in na tura fakiti, wato 'yan guntayen saƙo, guda 100 kusan rabi ba sa isa. Kwana uku ina zargin waya da batir. Na kai wa Malam kamar zan yi kuka, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗalibi, a kasuwar Muda Lawal in mutum ya ɗaga murya kana jin ƙara, amma kana gane me ya ce?" Wai hotsfot ɗin maƙwabta ne ke surutu a zango ɗaya da mu, ga rufin kwano yana dawo da sigina tana karo da kanta. Ya ce in daina kallon ƙarfi kaɗai, in ƙirga saƙon da ya isa, kuma in auna zuwa da dawowa don ba lallai su zo ɗaya ba.

Daren nan ƙarfe 2, kowa ya yi barci, na sake kunna na'urorin. Abin da na gani sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.